Tambayar da Na Yi wa Makiyayin Turomso

Tun ranar da na dawo daga Turomso bakina bai huta ba. In na zauna a shagon Sabo tela a Laranto, nan Jos, kafin a miƙo mini ruwa an ce, "Malam Buba, wai da gaske ne rana ba ta faɗuwa a can?" In na shiga tasi zuwa Daɗin Kowa, direba ma sai ya rage rediyo. Kuma labarin kullum ƙara tsawo yake a bakin mutane, har shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai na yi sallar Juma'a a kan ƙanƙara a tsakiyar teku. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Amma sai na fara da Baffa, mahaifina, don in babu shi tafiyar ba ta da kai. Baffa makiyayi ne, rugarmu tana wajen Miyango. Ni aka fizga aka sa makaranta ina ɗan shekara goma, na fito malamin dabbobi. Shekara shida da suka wuce aka tura mu yi wa shanu allurar bushiya, layi ya biyo ta rugarmu. Ina ji da sabon kaki, na shiga garken Baffa da littafi da fensir, na ƙirga shanunsa ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, a gaban maƙwabta, na rubuta. Kowane yaro a ruga ya san ba a yin haka. Ni ma na sani, boko ne ya hau mini kai. Baffa bai yi faɗa ba. Tun daga ranar dai in na je gaishe shi sai ya sa a shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya ce, "Sannu da zuwa, ma'aikaci." Bai ƙara barina na taka cikin garke ba. An soke jangali, an yi sabuwar jiha, Baffa bai sauko ba.

Da aka zaɓe mu mu biyu zuwa kwas na mako shida a ƙasar Nowe, ni da abokin aikina Mista Dung na Anguwan Rukuba, na je sallama. Inna ta ƙulle mini kilishi da kwalbar man shanu tana share hawaye. Baffa kuwa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. A je a ƙaro ilmin ƙirga dukiyar mutane." Wallahi maganar nan ta bi ni har cikin jirgi.

Daga Jos muka hau mota zuwa Kano, daga Kano jirgin sama ya kai mu Landan, wani ya ɗauke mu zuwa Oslo, babban birninsu. A nan na fara cin kunya. Ɗan kwastan ya buɗe akwatina, ya ɗaga kilishin Inna ya duba shi a fitila, ya ce takarda ce ko fata? Na ce nama ne. Ya dubi fasfo ɗina, ya ce, "Kai ba malamin dabbobi ba ne? Ba ka san ba a shigo da nama ba?" Ni da nake ƙwace naman mahauta a Jos ina yi musu wa'azi! Ashe da gaske wanzami ba ya son jarfa. Ya haɗa da man shanun ya jefa a wani kwando. Dung ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Oga Buba, yau kai ma an kama ka." Shi accar da ya ƙullo ta wuce lafiya, don sun shinshina sun kasa gane ko mene ne.

Daga Oslo jirgin ƙasa muka shiga, muka miƙi arewa kusan kwana guda cur. Mutanen cikin jirgin ba sa magana. Na yi wa wani dattijo sallama da tambayar gida da iyali da gajiya, ya dube ni a tsorace kamar zan roƙe shi wani abu. Amma can da ya ga muna kallon abincinsa, sai ya raba burodinsa uku ba tare da ya ce uffan ba. A kai akwai wani abu ja-ja kamar sabulun wanka. Cuku ne, kuma zaƙi gare shi kamar alewar madara. Dung ya ci ya ce a ƙaro, ni na haɗiye don kunya.

Wajen wani fili mai duwatsu, babu itace ko ɗaya, dattijon ya taɓa ni ya nuna wata 'yar alama ta dutse a gefen hanya. Ya ce daga nan mun shiga ƙasar da rana ba ta faɗuwa in bazararsu ta yi. Ga ƙanƙara fara fat kwance a kan tuddai, a watan Yuni, lokacin da shanunmu ke cin ɗanyar ciyawa. Mu mutanen Jos da muke cika wa Kanawa baki da sanyi, na ja kwat ɗin gwanjon da na saya a kasuwar Taminus na ƙudundune.

Inda layin dogo ya ƙare muka shiga jirgin ruwa. Da muka tsaya a wasu tsibirai, wani wari ya tarye mu tun kafin a ɗaure jirgi. Dung ya buɗe hanci ya ce, "Na san wannan wari. Kasuwa ne!" Ashe busasshen kifin nan ne mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke cewa okporoko. Ga shi nan rataye a kan rumfunan katako masu tsawo, iya ganinka. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska ce kawai ke busar da shi. Wani mai ɗaure kawunan kifin ya tambaye mu daga ina, muka ce Nijeriya. Mutumin nan ya ajiye igiya ya kama hannuna da hannu biyu, ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira. Ya ce shekara ashirin yana ɗaure wa Nijeriya kifi bai taɓa ganin mai cinsa ba. Ya ce don Allah yaya muke yi da kan? Dung ya tsaya a bakin teku ya koya masa miyar agushi da hannu da ƙafa.

Washegari muka iso Turomso. Gari ne a kan tsibiri, duwatsu masu farin kai sun kewaye shi, ga wata doguwar gada da ta yi baka a kan teku, jiragen ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta. Gidajen katako ne, wani ja, wani rawaya, wani fari. Aka sauke mu gidan wata tsohuwa da Dung ya sa wa Mama Hansen. A bakin ƙofa ta nuna takalmanmu, muka cire. Na ce a raina, to, ko ba komai sun san wannan.

Sai maganar rana, tun da ita kuka fi tambaya. Jama'a, gaskiya ne. Rana takan yi ƙasa-ƙasa kamar la'asar sakaliya, ta bi kan duwatsu a kwance, sai kuma ta sake tashi ba ta taɓa ƙasa ba. Mako shida ban ga duhu ba, ban ga tauraro ko ɗaya ba. Ranar farko na tsaya a taga ina jiran magariba har ƙafata ta yi sanyi. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke sa mutum ya ga ƙanƙantar kansa, na yi ta maimaita Subhanallahi. Dung ya ce, "Oga, wannan rana ba ya da gida ne?" Abin da ya cece ni, agogonsu da namu ɗaya ne, ban taɓa allurar agogona ba tun daga Kano. Sai na riƙa bin lokutan Jos. In na ga lokacin da ladanin unguwarmu ke kiran magariba ya yi, in ja baƙin labulen Mama Hansen in tayar da salla, hasken rana na leƙowa ta gefe.

Abinci kuwa, burodi da safe, burodi da rana, burodi kafin barci, kuma kullum da sanyinsa. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, ƙarfe huɗu na yamma, kifi da dankali dafaffe, babu yaji ko na magani. In an gama dole ka ce wa mai gida an gode da abinci, ko yaro ƙarami ba ya tashi bai faɗa ba. Wannan ta burge ni. A bakin tashar jiragen ruwa masunta na sayar da jatan lande dafaffe a cikin takarda, ka tsaya nan ka ɓare ka ci, fararen tsuntsayen teku na yi maka ihu a ka. Ƙwan tsuntsayen ma ci suke, ƙato ne mai ɗigo-ɗigo, ɗaya ya kusa ukun na kaza. Wata rana Mama Hansen ta soya mana wani baƙin nama mai laushi, na ci na ce wannan saniya ta sha kiwo. Ta ce ba saniya ba ce, naman ƙaton kifin nan ne, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Na ajiye cokali na daɗe ina kallon farantin.

In Allah ya kai ɗayanku, ya haye gadar nan da ƙafa. A ƙetare akwai wata majami'a fara mai tsini kamar an jingina alluna, Dung ya shiga ya fito yana ta girgiza kai. Gaba kaɗan akwai wani akwatin ƙarfe rataye a waya, shi ke ɗaukar mutane zuwa kan dutse. Na shiga ina salati, na rufe ido har muka kai. Da na buɗe, ga gari duka a ƙasa kamar an baza kayan koli a tabarma, ga teku ta ratsa duwatsu ta ko'ina. A gidan ajiye kayan tarihi kuma akwai wata farar dabbar ƙanƙara da aka feɗe aka cika fatarta aka tsayar, tsawonta ya fi ƙofar ɗaki, faratanta kamar lauje.

Kuma in ya ga jariri a keken jarirai a ƙofar kanti shi kaɗai, ya wuce abinsa. Dung bai sani ba, ya ga an yar da ɗa a cikin sanyi, ya tura keken ya nufi wajen ɗan sanda. Sai ga uwar ta fito a guje da burodi a hannu. Ashe haka suke yi, wai iska mai sanyi na sa yaro barci, kuma ba wanda zai taɓa shi. Da ƙyar muka fahimtar da ita, ƙarshe har ta saya mana kofi.

A mako na biyar malamarmu, Dakta Ingirid, ta ce za ta kai mu wajen makiyayan ƙasar. Sami ake ce musu, harshensu daban, shigarsu daban. Abin da suke kiwo wata dabba ce mai kama da gwanki, ƙahonta reshe-reshe, har matan ma suna da shi. Ni barewar ƙanƙara na sa mata. Da hunturu, in ƙanƙara ta rufe ƙasa, da kofato take tonawa ta ci wata gansakuka da ke manne a duwatsu. Muka yi tafiyar mota, muka hau dutse da ƙafa wajen awa uku. Sauro kuwa, kada wanda ya ƙara yi mini zancen sauron Lakwaja. Na can ta cikin kwat yake cizo.

Da muka kai sai na tsaya cak. Bukkoki ne masu tsini, hayaƙi na fita ta ka, karnuka na haushi, mata na hura wuta, ga warin dabba da toka. Ban da sanyin, sai in ce rugarmu ce. An tara dabbobin a wani babban shinge, suna ta zagayawa gefe guda kamar ruwa a ƙwarya, ƙafafunsu na ƙas-ƙas. Lokacin yi wa 'ya'yan alama ne. Kowane mutum yana da irin yankan da yake yi a kunne, har jarirai ana ba su nasu. Sai an gane uwar ɗa tukuna, a kama shi da igiya, a yi masa yankan mai uwar.

Aka kai mu gaban babbansu, wani gajeren tsoho mai suna Aslak, fuska duk tamoji, igiya naɗe a kafaɗa. Ya ba mu kofi a kofin itace, da busasshen nama da ake tsomawa a ciki. Na yi bisimilla na ci, ya tuna mini kilishin Inna. Hira ta fara daɗi, Dakta Ingirid na fassara. Sai hannuna ya shiga aljihu da kansa, ya fito da littafi da fensir. Na ji bakina ya ce, "Tambaye shi, guda nawa yake da su?"

Fuskar Dakta Ingirid ta yi ja, amma ta fassara. Duk wanda ke bakin wuta ya juyo yana kallona. Tsohon ya kurɓi kofi, ya dubi duwatsu, ya ce, "Wasu suna wannan gefen dutse, wasu suna wancan gefen." Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya shiga shinge, bai ƙara dubana ba.

Malamar ta matso za ta yi mini bayani, wai a wajensu wannan tambaya ba ta da kyau. Na ce, "Dakta, bari. Na fi ki sani." Kunya ta rufe ni har wuya. Na ƙetare teku da ƙasashe, na zo ƙarshen duniya, na sake yin abin da na yi wa ubana. Dung ya raɗa mini, "Oga, ka sa wannan littafi a aljihu kafin su kore mu."

Na sa shi. Na je jikin shinge na tsuguna, yadda Baffa ke sa ni tsugunawa ina yaro, ya ce in rufe baki in buɗe ido. Na fi awa guda a nan sauro na cina. Akwai wani ɗan maraƙi baƙi mai farin goshi da ya rikita su. Ya rabu da uwarsa a cikin turmutsutsu, yana bin wannan yana bin waccan, mutum biyu har sun fara musu a kansa. Ni kuwa na lura da wata uwa mai karyayyen ƙaho ɗaya. Ba ta zuwa kusa da shi, tsoron mutane take. Amma duk sanda ya yi kuka, kunnenta na hagu sai ya juya, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ta rage gudu har na baya su ture ta. Sau huɗu ina gani.

Aslak ya zo wucewa kusa da ni. Ban yi magana ba, ban nuna da yatsa ba, don ba a nuna dabbar mutum da yatsa. Na dube shi, na tura leɓe wajen mai karyayyen ƙahon. Ya bi da ido. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce a ware su biyun a ƙaramin shinge, a ja da baya. Ɗan maraƙin nan ya ruga ya cusa kai ƙarƙashinta ya kama nono, ita kuma tana lasarsa. Ashe ta jikarsa ce, yarinya 'yar shekara biyar, aka yi wa maraƙin yankanta tana tsalle.

Tsohon ya kira Dakta Ingirid ya ce ta tambaye ni wa ya koya mini kallon dabba. Na ce mahaifina, makiyayin shanu ne. Ya ce shanu irin na turke? Na ce a'a, farare masu dogon ƙaho da tozo, muna bin ciyawa da su rani da damina. Ya gyaɗa kai. Sai ya ƙanƙance ido ya ce, "Guda nawa yake da su?"

Jama'a, na san adadin. Ni na ƙirga su, har yau lambar na cikin kaina, kuma ta zo har bakin leɓena. Na haɗiye ta. Na ce, "Wasu suna wannan gefen rafi, wasu suna wancan gefen."

Kafin malamar ta gama fassarawa tsohon ya fashe da dariya, ya buga mini kafaɗa har na yi tangaɗi. Ya ja ni bakin wuta ya sake cika mini kofi. Ya rera wata irin waƙa tasu da ba ta da kalmomi sosai, daga maƙogwaro take fita, aka ce ta garkensa ce. Ni ma na yi masa kiran da Baffa ke yi wa shanu in za a tashi, wanda rabona da yi tun ina yaro. Karnuka suka ɗaga kunne. Da za mu sauka ya kwance wani ɗan zobe na ƙaho mai huda biyu daga igiyarsa, wanda igiya ke zarcewa ta ciki in an jefa. Ya yi santsi don tsufa. Ya ce, "Ba naka ba ne. Ka kai wa mai shanu."

Kwana biyu da dawowata na hau babur na tafi Miyango. Aka shimfiɗa tabarmar baƙi. Baffa ya ce, "Sannu da zuwa, ma'aikaci. An ƙaro ilmin?" Na ba Inna bargo, na ba shi saƙonsa. Ya juya ƙahon a hannu, ya shinshina, ya zura igiyar ɗaurin maraƙi a ciki ya ja, ya ga yadda take zarcewa. Na ba shi labarin rana, ya ci gaba da jan igiyarsa. Na ba shi na kifin Annabi Yunusa, ya ce Allah mai iko. Sai na ba shi labarin Aslak, ban ɓoye komai ba, har littafin da na fitar.

Ya ce, "Ya gaya maka adadin?"

Na ce, "Bai gaya mini ba."

Ya ce, "Mutumin kirki ne. Da ya tambaye ka nawa fa?"

Na gaya masa amsar da na bayar. Baffa ya yi ta murza ƙahon da babban yatsa, har na ɗauka maganar ta ƙare. Can ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya yi taku uku ya waiwayo ya ce, "Kai kuma zaman me kake yi a tabarmar baƙi?"

Na bi shi cikin garke da takalmin ofis, kashin shanu har idon sawu, hawaye na zuba ban damu in share ba. Ya riƙa tura leɓe yana cewa, waccan jikar karsanar da aka ba ka ranar suna ce, waccan 'yarta ce, wancan bijimin ma naka ne. Duk shekarun nan yana riƙe da su bai sayar da ko ɗaya ba. Ya miƙo mini sandar ya ce in kora su rafi, ya gaji da yi wa ma'aikaci kiwo. Har na yi gaba ya ɗaga murya ya ce, "Kuma ka bar fensirin nan a aljihu."

To, Sabo, kai da ka fi kowa naci, tun da ka ji ina da shanu kake tambayata guda nawa ne. Ka je Miyango ka duba. Wasu suna wannan gefen rafi, wasu suna wancan gefen.